Na buɗe wa ɗalibaina aji a waya, yanzu ni ne mai laifi a makaranta

Assalamu alaikum Hajiya. Ni malami ne a wata sakandare mai zaman kanta a Zariya, ina koyar da Bayoloji a SS2. A farkon zangon da ya wuce na buɗe wa ajina Google Classroom, wato aji na intanet, da zauren WhatsApp. Ina tura musu darasi da zane-zane da gajerun bidiyo, ina yi musu gwaji a Google Forms, na kuma raba su rukuni-rukuni suna rubuta aiki tare a Google Docs. Wallahi na ga canji, yaran da ba sa buɗe baki a aji suka fara tambaya. Da na ga haka sai na ce maki 10 na makin zango daga aikin waya zai fito.

Daga nan abubuwa suka dagule. Cikin ɗalibai 48, kusan rabi ba su da wayar kansu. Wasu suna aron ta yayyensu, wasu ba su taɓa shiga ba, suka tashi da sifili. Sannan wani yaro ya ɗauki lambar wata ɗaliba daga zauren ya riƙa tura mata saƙo da dare. Mahaifinta ya gani, ya zo makaranta ransa a ɓace, yana tambayar wa ya ba ni izinin saka lambar 'yarsa cikin maza. Firinsifal ya yi mini faɗa a gabansa ya ce in rufe komai, alhali da zan fara na gaya masa da baki ya ce ba laifi. Wani dattijon malami kuma kullum a ofishin malamai sai ya ce iyayi ne irin na yaran zamani, su da alli da allo suka yaye likitoci. Datar da kuɗina nake saya. Maiɗakina ma ta fara ƙorafi, don har ƙarfe 11 na dare ina amsa saƙon yara. Ji nake kamar in ajiye aikin, ko in koma kwafa musu rubutu a allo kamar kowa. Don Allah ina laifina?

Wani malami daga Zariya

Wa'alaikumus salam Malam. Sannu da ƙoƙari, sannu kuma da haƙuri. Faɗa a gaban baƙo yana da ciwo, balle ga mutumin da ya san da kuɗin aljihunsa da barcin idonsa ya yi abin da ake masa faɗa a kai. Canjin da ka ce ka gani na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Yarinyar da ke jin nauyin ɗaga hannu a gaban aji cike da maza tana iya zama ta rubuta tambayarta a natse, yaron da bai gane darasi a minti 40 ba yana iya maimaita bidiyon har sai ya shige shi. Ka samo abu mai amfani, kada surutun ofishin malamai ya sa ka raina shi. Sai dai ka tambaye ni ina laifinka, kuma zan faɗa maka tsakani da Allah, don na lura kai mai son gyara ne. Wurare biyu ne ƙafarka ta zame, kuma duka biyun suna gyaruwa.

Na farko shi ne makin nan 10. Ka zauna ka kawo hoton gidan ɗaya daga cikin yaran da suka ci sifili. Wayar da ke buɗe intanet a gidan guda ce, tana aljihun uba a kasuwa tun safe. Ba zai dawo ba sai bayan isha'i, cajin saura kaɗan, unguwar kwana biyu babu wuta. Ko an samu caji, sai yaron ya tsaya gaban mahaifinsa ya roƙi aron waya, ya kuma roƙi kuɗin data, ga mutumin da ya gama lissafin cefanen gobe bai cika ba. Yara da yawa ba za su iya wannan roƙon ba, sai su yi shiru su karɓi sifili. Ka tuna kuma a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data, to bidiyon da kake ganin gajere ne, a wani gidan kuɗin magi da gishiri ne. Makin da ka rubuta wa yaron nan aljihun mahaifinsa ya auna, bai auna Bayolojin da ke kansa ba. Ko a 2020 da korona ta rufe makarantu, rediyo da talabijin gwamnatin jiharku ta Kaduna ta kama wajen isar da darasi, saboda rediyo ce ke shiga gidan kowa.

Wannan shi ne abin da za ka fara gyarawa, kuma ba ya buƙatar intanet. Ka nemi izini ka soke makin wayar ga ajin baki ɗaya, ka ba kowa aiki ɗaya a takarda, cikin aji, ka maye gurbin makin da shi. Idan an riga an raba sakamakon zangon, ka rubuta wa mai kula da jarrabawa a gyara a rajista. Ka tsaya gaban ajin ka ce musu tsarin bai yi wa kowa adalci ba, shi ya sa ka canza. Wasu cikin masu waya za su yi gunaguni don sun yi aikin, sai ka yaba musu a fili, ka nuna musu cewa abin da suka koya zai fito a takardar. Daga yau kuma ka riƙe ƙa'ida guda: duk aikin da zai ɗauki maki, dole ya zama ɗalibin da ya fi kowa rashi a ajin zai iya yin sa ba tare da ya roƙi kowa komai ba.

Na biyu shi ne lambobin waya, kuma a nan mahaifin yarinyar yana da gaskiya, ko da muryarsa ta yi sama. Zauren WhatsApp yana nuna wa kowane ɗan zaure lambar kowa. Ranar da ka saka ta, ka miƙa lambarta ga duk yaron da ke ajin ba tare da ka nufa ba, iyayenta kuma ba su sani ba. Uba ya ɗaga wayar 'yarsa tsakar dare ya ga saƙon namiji, ya bi sawu ya tarar daga makarantar da yake biyan kuɗi abin ya fito. Wane uba ne zai zo yana murmushi? Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma, ƙa'idarta ta gaba ɗaya ita ce a nemi yardar iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro. Mu kuwa tun kafin doka mun san ba a shiga sha'anin 'yar mutum sai da sallama.

Ka je ka same shi, Malam, amma da sanin Firinsifal, kuma ka tafi da wani babba da yake ganin girmansa, ko limamin makarantar ko wani dattijo cikin malamai. Ka ce masa: Alhaji, na yi kuskure da ban nemi izininka ba, na rufe zauren, ina neman afuwa. Ka tsaya nan. Kada ka ɗauko bayanin amfanin Google Docs a wannan zaman, duk abin da ka ƙara zai ji shi kamar kare kai. Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ba ka ce komai game da halin da yarinyar take ciki ba. Mai yiwuwa an ƙwace wayarta, mai yiwuwa an yi mata faɗa a gida kan laifin da ba nata ba, ga ajin duk an san zancen. Ka gaya wa mahaifinta ƙarara cewa ita ba ta yi komai ba. Ka roƙi wata malama mace ta riƙa jan ta a jiki tana duba ta, kai kuma kada ka kira ta gefe ku kaɗai don ba ta haƙuri, hakan zai ƙara wa magana gishiri. Shi kuwa yaron, makaranta ce za ta kira iyayensa ta tsawatar masa. Idan aka rufe zaure kawai aka ƙyale shi, ya koyi cewa malami ne ke ɗaukar hukuncin abin da ya aikata.

Sai Firinsifal. Bai kyauta ba da ya tsame kansa bayan ya ce maka ba laifi, bai kuma kyauta ba da ya yi maka faɗa a gaban uba. Ina tare da kai a wannan. Amma ka duba kujerar da yake kai. Makaranta mai zaman kanta da kuɗin iyaye take numfashi, uba ɗaya ya cire 'yarsa ya ba da labari a majalisa, wasu biyar za su bi shi, mai makaranta kuma Firinsifal zai tuhuma. Ina kuma zargin da ka ce masa za ka riƙa tura wa yara darasi a waya, bai fahimci za a haɗa maza da mata a zaure ɗaya ba, bai kuma san maki zai shigo ciki ba. Ba laifi da aka faɗa a tsaye a baranda ba izini ba ne da za ka dogara da shi ranar da ƙura ta tashi. Saboda haka ka bi umarninsa gaba ɗaya. Ka rufe zauren, ka rufe ajin Classroom, kada ka bar wata ƙofar baya da 'yan gaban goshinka. Ka bar mako biyu ko uku zuciya ta huce, sannan ka same shi shi kaɗai. Kana iya gaya masa cikin ladabi cewa faɗan gaban baƙo ya yi maka ciwo, sau ɗaya, ka wuce zuwa abin da ya kawo ka.

Abin da zai kawo ka shi ne takarda shafi ɗaya, wadda zai sa wa hannu ko ya ƙi. A cikinta ka rubuta abin da za a yi, da wace na'ura, a wane lokaci, wa zai sa ido, da takardar neman yardar iyaye da za a aika gida. Akwai wani abu da ya kamata ka sani kafin ka rubuta. Idan da Gmail ɗinka na kanka ka buɗe ajin, to lokacin buɗewa Google ya nuna maka wani ɗan akwati da ka danna, wanda ke cewa ba a makaranta da ɗalibai za ka yi amfani da shi ba. Yawancin mutane suna dannawa ba su karanta ba. Abin da kamfanin ya tanadar wa makarantu shi ne Google Workspace for Education, wanda matakinsa na farko kyauta ne ga makarantar da ta cika sharuɗɗa. Makarantar ce ke nema da sunanta, ita ke ba kowane ɗalibi adireshin imel, ita ke da ikon buɗewa da rufewa, kuma ba a buƙatar lambar wayar kowa ta bayyana. Microsoft ma yana da irin wannan tsari na makarantu mai ɗauke da Teams, manhajarsu ta yin aji da tattaunawa. Da wannan, abin ya tashi daga na Malam wane ya koma na makaranta, in matsala ta taso ba kai kaɗai za a nuna da yatsa ba.

Hujjar da za ta fi shiga kunnensa ita ce jarrabawa. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara jarrabawa a kwamfuta ga masu zana ta kansu a 2024. Yaran SS2 ɗin nan badi za su zauna gaban allon kwamfuta, agogo yana tafiya, wasunsu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Makarantar da ta saba wa ɗalibanta da amsa tambaya a kwamfuta tana da abin faɗa wa iyaye a taron PTA. Ka nuna masa ta nan.

Shawarata mafi girma a kan tsarin kansa ita ce ka ɗauke aikin daga gida ka dawo da shi cikin makaranta, cikin lokacin darasi. Kusan duk matsalolinka daga gida suka taso: rashin waya, rashin caji, saƙon dare. Idan makarantar tana da ɗakin kwamfuta, ko kwamfutoci shida ne ke aiki, sun isa. Ka nemi darasi ɗaya a mako a can, ka zaunar da yara rukuni-rukuni, mata daban maza daban idan haka iyaye suka fi natsuwa, kowane rukuni da kwamfuta ɗaya da takardar Docs ɗaya. Ka ce rukunin farko su rubuta yadda jini ke zagaya jiki, na biyu su karanta su yi musu gyara a gefen shafi, kai kana kallon duka daga taka kwamfutar. Ka sa su riƙa karɓa-karɓa a kan madannai, don kada ɗan gidan masu hali ya riƙe su shi kaɗai sauran su zama 'yan kallo. Idan kowa da adireshinsa yake shiga, tarihin gyaran takardar zai nuna maka wanda ya rubuta kowane layi da lokacin da ya rubuta, har da wanda ya kwaso shafi guda daga intanet ya manna a daƙiƙa ɗaya. Gwajin Forms kuma ka mayar da shi na atisaye marar maki. Amfaninsa na gaske a wurinka yake: yana yin makin da kansa, yana kuma ware maka tambayoyin da aka fi faɗuwa, ka shiga aji gobe ka san inda za ka maimaita.

Idan babu intanet a makarantar, ba a rasa hanya ba. Manhajar Docs tana barin a ajiye takarda a yi aiki a kanta babu data, in an samu sabis ta haɗe da kanta. Akwai Kolibri, manhaja ce ta kyauta da aka yi domin wuraren da babu intanet: ka sauke darussa sau ɗaya a kwamfutarka, sauran na'urori su haɗu da ita a cikin ɗaki ba tare da an ci data ba. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022, kyauta, ka duba ko akwai darussan da suka dace da ajinka. Bidiyo kuwa ka sauke shi sau ɗaya ka nuna a aji, mai so a tura masa ta Xender. Saƙon gida, idan dole ne, ya tafi wayar iyaye ta lambar makaranta, ta hanyar da masu karɓa ba sa ganin lambar juna, irin jerin watsa saƙo na WhatsApp, kuma duk abin da aka tura a rubuta shi a allo ma.

Dattijon malamin nan kada ka ɗauke shi abokin gaba. Maganarsa da ƙaya, amma akwai gaskiya a gindinta, kai ma ka sani: ranar jarrabawar gwaji ta Bayoloji, fensir za a ba yaro ya zana abin da aka ajiye masa a tebur ya sa wa sassansa suna, babu bidiyon da zai koya wa hannu wannan sai yawan zane. Wani lokaci kuma irin wannan suka tsoro ne a ɓoye, mutum ya shekara 30 yana aiki ya ga ana neman a ce abin da ya iya ya tsufa. Kada ka yi musu da shi a gaban mutane. Ka je ka tambaye shi yadda yake koyar da zane, da gaske, don za ka ƙaru. In ƙarshen zango ya zo, ka gan shi da kalkuleta yana haɗa makin aji uku, ka ce Baba kawo in taya ka, ka zuba masa a Google Sheets ya ga jimla da matsayin kowa sun fito nan take. Ba sai ka ce masa komai ba bayan haka.

Maiɗakinka ma tana da gaskiya, kuma ƙorafinta kariya ce gare ka. Malami namiji yana musayar saƙo da 'yan SS2 ƙarfe 11 na dare, ko tambayar Bayoloji ce zalla, rana ɗaya za a ɗauki hoton saƙon a karanta shi yadda aka ga dama, sunan da ka yi shekaru kana ginawa ya zube. Ka yanke wannan gaba ɗaya: babu saƙo tsakaninka da ɗalibi ko ɗaliba a keɓe, babu aikin makaranta a waya bayan magariba. Ka zauna da ita ka gaya mata ka ji maganarta, ku yanke abin da za ka iya kashewa a data duk wata ba tare da an taɓa cefane ba. A takardar da za ka kai wa Firinsifal ka sa kuɗin data a matsayin abin da makaranta za ta ɗauka. Idan aikin na makaranta ne, kuɗinsa ma nata ne.

Batun ajiye aiki, kada ka yanke shi da zafin faɗan nan a ƙirjinka, ɗana, ga iyali ga halin da ake ciki. Ka kai takardarka ka jira amsa. In ya amince da gwaji na zango ɗaya a aji ɗaya, alhamdu lillahi, ka fara da kaɗan. In ya ƙi, babu wanda zai hana ka amfani da kayan nan a naka ɓangaren: ka shirya darasinka a Docs, ka riƙe makin yara a Sheets ka ga wanda ke ja da baya tun da wuri, ku buɗe takarda ɗaya da malaman Bayoloji na wasu makarantu kuna tara tambayoyi kuna gyara wa juna. Aikin rukuni kuma ana yin sa da babbar takarda da maka, rukuni ya rubuta, wani rukunin ya gyara. Ka ƙarasa shekarar karatu da yaran nan a haka, kana ajiye samfurin ayyukan da ka yi da sakamakonsu. Idan shekara ta ƙare ka ga har yanzu ƙofar a rufe take, sai ka nemi makarantar da ke son irin wannan aiki, ka tafi da shaidarka a hannu, kuma kada ka bar nan sai ka karɓi takardar ɗaukar aiki a can. Ka rubuto mini bayan ka gana da mahaifin yarinyar, ina son in ji yadda kuka rabu da kuma halin da take ciki.